ALIEN: Dodon da ya razana duniya ɗan Nijeriya ne

DUK matashin da ya taso a Kankiya ko Kusada a shekarun 2000 ya san yadda finafinan Turawa ke isowa. Daga Ƙofar Wambai ko Bata ake saro su a Kano, motocin hanyar Katsina su sauke su a Kankiya, daga nan a ƙarasa da su Kusada da ƙauyuka. Yawancin su kwafi ne a kan kwafi, wani faifan ma an cusa masa fim goma ko ashirin. Da dare a tada janareta, a jera benci, a kashe fitila. In fim na faɗa ne, sai ihu da tafi. In kuwa na ban tsoro ne, sai ka ji gidan kallo ya yi tsit, mai cika baki ya lallaɓa ya koma kusa da ƙofa.

A cikin finafinan dodanni, kaɗan ne su ka kama ƙafar Alien, wanda darakta Ridley Scott ya shirya, kamfanin 20th Century Fox ya fitar a watan Mayu na 1979. Labarin wasu ma'aikata bakwai ne a cikin jirgin dakon kaya na sararin samaniya mai suna Nostromo. Su na kan hanyar komawa gida sai su ka ji wani kira daga wata duniya, su ka sauka duba lafiya. A nan wata halitta ta maƙale wa ɗayan su, Kane, a fuska. Bayan ta sake shi, ana tsakiyar cin abinci, sai ga ɗan dodo ya fasa masa ƙirji ya fito. Kafin ka ce kwabo ya girma, ya shiga yi masu ɗauki ɗai-ɗai, har ya rage saura mace guda, Ripley, wato jaruma Sigourney Weaver. A 1980 fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto.

To amma wa ke cikin rigar dodon? Ga amsar da za ta ba mutane da yawa mamaki: ɗan Nijeriya ne. Sunan sa Bolaji Badejo, haifaffen Legas a 1953. Ya na karatun zane-zane a Landan lokacin da masu nemo 'yan wasa su ka yi kiciɓis da shi a unguwar Soho. Scott ya na neman dogon mutum siriri wanda in ya sa rigar ba za a ce ɗan'adam ba ne, shi kuwa Badejo tsawon sa ya kusa ƙafa bakwai. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rigar, wadda mai zane H.R. Giger ɗan ƙasar Siwizalan ya tsara, ta roba ce mai matsewa, ga zafi, ga dogon kai wanda da ƙyar ake gani ta cikin sa. Saboda jelar, ko zama a kujera ba ya iyawa, sai da aka haɗa masa wani abu kamar lilo ya riƙa hutawa a kai. An kuma sa shi koyon motsa jiki a hankali, domin tafiyar sa ta fita daga ta mutane. Wannan ne fim ɗin sa na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Ya dawo Legas, ya buɗe gidan baje kolin zane, ya rasu a Disamba 1992 sakamakon ciwon sikila, ya na da shekara 39.

Sunan sa na nan a jerin sunayen ƙarshen fim. Matsalar ita ce a gidan kallo babu mai jiran sunaye, kuma masu satar fasaha su kan datse su don fim na gaba ya samu wuri. Hoton ma haka. Alien fim ne na duhu, shi ya sa a kwafin kasuwa wani lokaci ba ka ganin komai sai baƙi da ƙara.

Faifan asali ne su ka gyara wannan ɓarna. A Disamba 2003 Fox ya fitar da Alien Quadrilogy, kwali mai faifan DVD tara, ɗauke da finafinai huɗu na jerin da bayanin yadda aka yi su. A 2010 aka sake su a Blu-ray da sunan Alien Anthology, sannan a 2019 aka wanke na farkon zuwa 4K don cikar sa shekara 40. A cikin ƙarin da ke biyo irin waɗannan faifai har da hoton gwaji, inda ake ganin Badejo sanye da kan dodon ya na takawa sannu a hankali a lungun jirgin. Ko babu kiɗa, sai tsikar jikin mutum ta tashi.

Akwai darasi a nan ga furodusoshi da daraktocin mu masu son yin fim na aljanu. Duk tsawon Alien, mintuna kaɗan ake ganin dodon: yau haƙori, gobe jela, jibi inuwa. Scott ya san in ya nuna shi gaba ɗaya cikin haske, 'yan kallo za su gane mutum ne a cikin riga, tsoro ya koma dariya. A wajen mu kuwa, sau nawa ake shafa wa ɗan wasa gawayi da farar ƙasa, a tsayar da shi da rana tsaka, a ce wai aljani ne? Ɓoye dodo ba ya cin kuɗi, tunani ya ke ci.

Su ma 'yan kallon Kankiya da Kusada da nasu kason. Yanzu da fim ya koma cikin waya, ran da aka sake kallon Alien, a daure kada a tashi da an ga Ripley ta tsira. A jira sunaye su hau, a nemo Bolaji Badejo, a nuna wa na kusa.