Me ya sa zaɓen mai tsaron raga na biyu ke yi wa kulob-kulob wuya?

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar sayen 'yan wasa, hirar magoya bayan Kano Pillars a majalisu, daga Ƙofar Mata zuwa Nassarawa GRA, kan karkata ne ga maciya ƙwallo. Kowa na neman wanda zai gaji Gambo Mohammed, ko wanda zai kama ƙafar Rabiu Ali da Ahmed Musa. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da zai sanya safar hannu ya zauna a benci tun daga farkon kaka har ƙarshenta. Amma a wajen masu horarwa, zaɓen wannan mutum na daga cikin shawarwari masu nauyi, domin rana guda ta isa ta ɗora makomar kulob a hannunsa.

Gurbin da bai yi kama da sauran ba

Dokar ƙwallon ƙafa a yanzu ta ba koci damar canza 'yan wasa biyar a wasa guda. Saboda haka ɗan gaba ko ɗan tsakiya da ke benci yakan samu minti 20 ko 30 kusan kowane mako. Mai tsaron raga kuwa ba a cika taɓa shi ba sai da dalili mai ƙarfi: rauni, jan kati, rashin lafiya ko gayyatar tawagar ƙasa.

Gasar Firimiyar Najeriya na da kulob 20, kowanne yana buga wasa 38. Gola na biyu na iya bin tawaga a mota daga Kano zuwa Aba, Fatakwal da Uyo, ya koma gida bai taɓa ƙwallo ba. Ranar da za a buƙace shi kuma ba ta sallama. Idan aka kori na ɗaya, dole koci ya fitar da wani ɗan wasa domin ya sanya shi, sau da yawa kuma abin da zai fara fuskanta shi ne bugun tazara mai hatsari ko fenareti, jikinsa bai ko yi ɗumi ba.

Magoya bayan Sai Masu Gida sun san yadda tsautsayi ke zuwa. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar kulob ɗin wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, yana kan hanyar zuwa Owerri domin karawa da Heartland, aka jikkata 'yan wasa da dama. A irin wannan rana ake gane kulob ɗin da ya tanadi benci da wanda ya cike gurbi kawai.

Hanyoyi uku da ake bi

Ta farko ita ce ɗauko gogagge wanda ya fara manyanta. Ya saba da ihun 'yan kallo a gidan wasu, ya san makircin 'yan gaba, kuma ba ya tayar da jijiyar wuya a kan zaman benci. Illarsa ita ce albashinsa ba ƙarami ba ne, kuma idan na ɗaya ya yi doguwar jinya, jiki na iya gaza ɗaukar wasanni a jere.

Ta biyu ita ce ɗaga matashi daga ƙaramar ƙungiyar kulob. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma jari ne na gobe. Sai dai gola ba ya nuna a benci. Kurakuran cikin fili ne ke gasa shi. Shi ya sa kulob mai hangen nesa kan gwammace ya ba da matashin aro inda zai riƙa bugawa, ya riƙe wani a madadinsa.

Ta uku ita ce kawo wanda ya yi kunnen doki da na ɗaya, a bar su su fafata. Wannan na hana mai riƙe da raga sakin jiki, amma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan koci ya riƙa juya su mako-mako, 'yan baya kan rasa muryar da za su saba da ita, magoya baya kuma su rabu gida biyu.

Darasin Super Eagles

Tawagar ƙasa ta ɗanɗana kuɗar rashin shiri. Vincent Enyeama, wanda ya buga wa Najeriya wasa 101, ya ajiye safarsa a watan Oktoban 2015 bayan saɓani da koci Sunday Oliseh. Carl Ikeme na Wolverhampton ya gaje shi, amma a watan Yulin 2017 likitoci suka gano yana ɗauke da cutar sankarar jini, ana tsakiyar neman gurbin Kofin Duniya. Gernot Rohr ya juya ga Ikechukwu Ezenwa, ɗan wasan gida, wanda ya tsare raga a wasan da aka lallasa Kamaru da ci 4-0 a Uyo. Da aka isa Rasha a 2018, Francis Uzoho ne a raga, yana ɗan shekara 19. Cikin ƙasa da shekara uku, ragar ta sauya hannu sau uku.

A Gasar Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, José Peseiro ya ajiye Uzoho ya sanya Stanley Nwabali na Chippa United, wanda 'yan ƙasa ba su san shi sosai ba. Shi ne ya kaɗe fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, Najeriya ta kai wasan ƙarshe.

Me koci ke dubawa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauka cewa na biyu shi ne duk wanda ke bin na ɗaya a ƙwarewa. Abin da ake nema ya wuce haka.

Na farko, hali. Ana son mutumin da zai yi atisaye kullum kamar shi zai buga ranar Lahadi, alhali ya san ba shi ba ne. Emiliano Martínez ya yi kusan shekara goma a Arsenal, tsakanin benci da zaman aro. Da Bernd Leno ya ji rauni a watan Yunin 2020, ya shiga ya ɗauki Kofin FA, ya koma Aston Villa, sannan ya ci Kofin Duniya da Ajantina a 2022. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Na biyu, dacewa da salon wasa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya tura masa da ƙafa da gangan. Idan kulob ya saba fara kai hari daga baya, amma na biyu bai iya ƙafa ba, shigarsa za ta tilasta a rushe tsarin baki ɗaya.

Na uku, wata baiwa ta musamman. A Kofin Duniya na 2014 Louis van Gaal ya sanya Tim Krul a madadin Jasper Cillessen daf da ƙarewar ƙarin lokaci, saboda fenareti kawai. Krul ya kaɗe biyu, Holan ta fitar da Kosta Rika. Pillars ma ta san darajar wannan: da fenareti ta rasa Kofin Aiteo a hannun Enugu Rangers a Asaba a 2018, bayan ta yi gaba da ci 3-0, da fenareti kuma ta ɗauke shi a hannun Niger Tornadoes a Kaduna a 2019.

Batun kuɗi

Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin kulob-kulob ɗin gasar, don haka kasafinta na rataye ne da abin da aka amince da shi a Gidan Gwamnati da ke Nassarawa. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, gurbin da ba a ganin mai shi a fili ne ake fara yi wa ƙwauro. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, don me za a biya mutumin da ba ya bugawa?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san amsar. Ba ya jiran ranar da zai tafi aikin Hajji ko ya kwanta rashin lafiya kafin ya nemi wanda zai riƙe masa shago. Tun da wuri yake koya wa yaronsa farashi, ya gabatar da shi ga abokan ciniki. Haka ma'aikatar da ba ta horar da muƙaddashi ba, ranar da darakta ya tafi hutu fayiloli kan tsaya cak.

Kulob ɗin da ya ɗauki gasar sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ya kuma faɗa ƙaramar gasa a 2022 kafin ya dawo a shekarar da ta biyo baya, ya san cewa maki kaɗan ne ke raba murna da kuka a ƙarshen kaka. Wani lokaci makin nan na hannun wanda ke zaune a ƙarshen benci. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.