Soɓorodo: Abin da ke Cikin Furen Yakuwa da Yadda Za Ku Amfana da Shi

Iyaye da masu kula da yara na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, kun san yakuwa a gefen gonakin hatsi, kun kuma san soɓorodo da ake tsinka bayan damina. Soɓorodo shi ne kwanson da ke rungume da furen, wanda yake kumbura ya yi kauri bayan furen ya faɗi.

Jan launinsa yana fitowa ne daga sinadaran antosiyanin, ɗaya daga cikin dangin filabonoyid da tsirrai ke yi domin kare kansu daga zafin rana da cututtuka. Irin wannan sinadari ne ya ba albasar Galmi launinta. Farin soɓorodo kuwa ba shi da shi sai kaɗan. Tsaminsa daga wasu sinadarai masu tsami ne, kuma yana ɗauke da ɗan bitamin C.

Waɗannan sinadarai ba sa jure wuta. Dogon tafasa yana rage su, kanwa kuma tana sauya launin ruwan zuwa duhu. Saboda haka ku shanya soɓorodo a inuwa, ku tafasa ruwa mai tsabta, ku sauke, sannan ku jiƙa shi a ciki. Ku rage sukari.

Bincike ya nuna cewa shan zoɓo kullum yana ɗan saukar da hawan jini ga manya. Wanda yake shan maganin hawan jini kada ya bar shi, kuma ya sanar da ma'aikacin lafiya. Mai juna biyu ta nemi shawara a wurin awo kafin ta riƙa sha da yawa. Shayi ma yana da sinadarai na wannan dangi, amma suna hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Ku raba shan shayi da lokacin cin abinci, kuma kada ku ba ƙananan yara.

Ku sani cewa ruwan zoɓo ba ya gina jikin yaro, domin kusan babu furotin ko mai a cikinsa. Abin gina jiki yana cikin ƴaƴan yakuwa da ake yin daddawar batso da su, da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da madara. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi, ko ruwa ban da.

Idan ma'aunin dantse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafun yaro biyu suka kumbura, ku kai shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa a ranar. Plumpy'Nut da za a ba ku magani ne na wannan yaro shi kaɗai, ba a raba shi, kuma zoɓo ba ya maye gurbinsa.