Hannun Kaka a Gadon Al'adun Gidan Bahaushe

Al'adun gida a ƙasar Hausa ba kasafai suke sauka kai tsaye daga uwa zuwa ɗa ba, domin kunya, wato kawaicin da iyaye kan nuna wa 'ya'yansu a idon jama'a, takan sa babban kaso na tarbiyya ya koma hannun kakanni. Wannan kawaici ya fi tsanani a kan ɗan fari, wanda uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane, sai dai ta ambace shi da laƙabi ko ta ce "yaron nan".

Tun daga haihuwa ake ganin wannan tsari, saboda mace mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki, ko kuma ta je wankan gida bayan suna, inda mahaifiyarta ko wata dattijuwa ke tsaya mata har a yi arba'in. A cikin waɗannan kwanaki mai jego kan yi wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana tsoma ganyen runhu ko darbejiya ana fyaɗawa a jiki, ta sha kunun kanwa, tana kuma kallon yadda tsohuwa ke gasa cibiyar jariri, ta yi masa wanka a kan ƙafafunta, ta ɗaure shi a baya da majanyi. Ba a zaunar da ita a yi mata darasi, abin da ta gani ne za ta maimaita wa tata 'yar bayan shekaru.

Idan yaro ya kai yaye, wajen shekara biyu, sau da yawa gidan kaka ake kai shi don ya manta da nono, kuma daga nan wani lokaci riƙo kan fara, wato 'yar'uwa ta ɗauki yaron ta raine shi har aure. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, ya nuna yadda matar da ba ta haihu ba take zama uwa ta wannan hanya. Tun da wasa ne ke tsakanin jika da kaka, har takan kira jikanta "mijina", yaro yakan tambaye ta abin da ba zai iya tambayar uwarsa ba, a wurinta kuma yake jin tatsuniya da karin magana da asalin dangi.

Abin da ake gada ba duka yake tsira ba. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa, kuma iyalai da dama sun sassauta. Haka nan zaman birni, inda miji da mata ke kama gida su kaɗai, ya nisanta jikoki da ɗakin kaka. Duk da haka, a Kano ko Damagaram, da zarar an ce wance ta sauka, mahaifiyarta ake fara kira, kuma ita ce ke faɗin yadda za a dafa ruwan wanka.