Cutar Korona da Ƙananan Yara: Inda Hatsarin Yake

Cutar korona ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019, aka kuma sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar, amma ƙwayar ba ta ƙaura daga duniya ba, har yanzu tana kama mutane.

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa ciwon nan na tsofaffi ne. Akwai gaskiya cikin wannan magana, domin yawancin yaran da ya kama mura ce da ɗan zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki su warware. Amma ɗan kaɗan ɗin da ciwon ke kayarwa, su ne abin tsoro, musamman a ƙasashen da kayan asibiti ba su wadata ba.

Likitoci sun bi diddigin yara 469 da aka kwantar saboda korona a asibitoci 25 na ƙasashe shida, wato Nijeriya da Gana da Kenya da Yuganda da Kwango Kinshasa da Afirka ta Kudu, daga Maris zuwa Disamba na 2020. Cikinsu 39 suka rasu, fiye da kashi 8 cikin ɗari ke nan, abin da ya ninka na ƙasashen Turai da Amurka sau da yawa. Jariran da ba su cika shekara ba sun fi shiga hatsari, haka kuma yara masu ciwon huhu na dindindin, ko ciwon jini, ko ciwon daji. Wannan ya shafi Nijeriya ƙwarai, don kuwa babu ƙasar da ta kai ta yawan haihuwar masu amosanin jini, wato sikila.

Ƙwayar cutar iri ɗaya ce a ko'ina. Bambancin yana ga abin da yaro ya zo da shi, da kuma abin da ya tarar. Yaron da tamowa ta riga ta cinye, ko maleriya ta rage masa jini, ba shi da ƙarfin jure ciwon huhu. Idan huhu ya kumbura, iskar oksijin ba ta shiga jini yadda ya kamata, sai zuciya da ƙwaƙwalwa su fara galabaita. Maganin wannan shi ne a sa wa yaro oksijin nan da nan. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa mai auna oksijin na jini. In ta nuna ƙasa da 90, yaro yana bukatar iskar. To, ƙananan asibitoci da yawa ba su da ita, tukunyar iska kan ƙare, injin da ke tace oksijin kuwa sai da wutar lantarki. Wannan ɗawainiya ce da ke wuyan hukuma.

Abin da ke wuyan iyaye shi ne jinkiri. Sau da yawa sai an yi kwanaki ana jiƙe-jiƙe da sayen ƙwayoyi a kemis, sa'an nan a nufi asibiti da yaro ya riga ya yi nisa. Alhali kuwa ana iya gane hatsari tun a gida ta ƙidaya numfashi na minti guda, yaro yana kwance ba ya kuka. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara guda, ko 40 ga ɗan shekara guda zuwa biyar. Haka nan in ƙasan ƙirji yana loɓawa ciki sa'ad da yaro ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tayar da shi, wajibi ne a kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Waɗannan alamu ba sa jiran a tabbatar ko korona ce ko limoniya.

Akwai kuma wani ciwo da likitocin Ingila suka fara lura da shi a watan Afrilu na 2020, wanda kan biyo bayan korona da mako biyu zuwa shida, ko da yaro bai nuna alamar komai ba da fari. Yakan zo da zazzaɓi mai naci, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki, amai da gudawa, ya kan kuma taɓa zuciya. Da yake ya yi kama da taifot ko maleriya, ya kamata iyaye su shaida wa likita idan wani a gidan ya yi korona ko mura mai tsanani cikin makonnin da suka wuce.

Uwa mai shayarwa da ta kamu kada ta yaye ɗanta saboda haka. Ta wanke hannu da sabulu, ta rufe baki da hanci, ta ci gaba da ba shi nono.