Makulli Da Mabuɗi: Ranar Da Sef Ya Ƙi Mai Shi

Bahaushe yana da suna biyu ga ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a kwaɗo: wani ya ce makulli, wani ya ce mabuɗi. A nahawu ƙirarsu ɗaya ce, wato ɗafa-goshin "ma-" mai samar da sunan kayan aiki, irin na magirbi da madubi, sai dai na farko ya tsiro daga "kulle", na biyu kuma daga "buɗe". Ƙarfe ɗaya ke ayyukan biyu, shi ya sa ba mu taɓa damuwa da bambancin ba. Sef na zamani, akwatin ƙarfen nan mai madannan lambobi a ƙofarsa, shi ya zo ya raba su. Ko yaro zai iya tura ƙofar ya murɗa ta kulle, amma buɗewa tana rataye ne ga abu biyu masu rauni: batir, da ƙwaƙwalwar mutum guda.

Ba banza ba irin wannan akwati ya samu shiga a Batsari da Safana, ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da waɗannan biyun. Mai kuɗi a asusun banki ya wayi gari ba ya iya turawa, ba ya iya cirewa a wurin mai POS, sai ya yi tattaki zuwa inda akwai sabis, a kan hanyar da ba kowa ke son binta ba. Sai kuma canjin kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022, lokacin da ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Ƙarancin tsabar kuɗi na farkon 2023 ya koya wa ɗan kasuwar hatsi da dillalin dabbobi da mai saye da sayar da dankali cewa abin da ke hannu shi ne nasa. Wanda ya ga sef a masaukinsa na Makka ko Madina, ya dawo ya nemi irinsa a kasuwannin Kano ko Katsina. Kuma ba kuɗi kaɗai ake zubawa ba: akwai takardun gona, da littafin bashi, da zinaren matan gida, da kuɗin adashin jama'a.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke bayan ƙofar, domin rashin saninsa ke sa a ɗauko guduma. A yawancin ƙananan sef masu araha, batir huɗu ne 'yan sirara a cikin ƙofar. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare sakata. Idan an danna lambar da ta dace, wuta ta shiga wani maganaɗisu ya janye shi na 'yan daƙiƙu, a nan ne ake murɗa mariƙin. To, wutar da za ta kunna 'yar fitila ta yi ƙara kaɗan ce, wadda za ta janye ƙarfen kuwa ta fi haka yawa. Shi ya sa mutum zai danna lambarsa daidai, fitila ta kama, amma ƙofa ta ƙi, sai ya fara zargin kansa, daga nan ya koma zargin yaran shago. Alhali batir ne ya yi sanyi. Zafin bazara yana rage masa kwana, batir mai arha kuma yakan yi yoyo ya cinye ƙarafan mazauninsa. Abin kwantar da hankali shi ne mutuwar batir ba ta goge lambar sirri. Da zarar wuta ta dawo, tsohuwar lambar tana nan.

Saboda haka matakin farko shi ne a dakata. Wanda ya danna lambar da ba ita ba sau uku ko fiye, akwatin yakan ƙi sauraronsa na ɗan lokaci, daga daƙiƙu zuwa mintoci, kuma ci gaba da dannawa ƙara wa'adin yake yi. Bayan ya huce, a danna ƙofar ciki da ƙarfi kafin a murɗa, domin akwatin da aka cusa wa kaya fiye da kima yakan matse sakatarsa. Sannan a duba ko akwai wata 'yar kafa a waje da ake jona batir na gaggawa, wasu kuma batir ɗinsu ma a jikin madannan yake daga waje. In duk wannan bai yi ba, sai mabuɗin gaggawa. Raminsa yakan ɓuya a ƙarƙashin wani ɗan murfi kusa da madannai, wani lokaci ƙarƙashin tambarin kamfani. Da an buɗe da shi, a canja batir, a danna ɗan maɓallin da ke bayan ƙofa ta ciki, a sa sabuwar lamba, a gwada ta sau uku ƙofa tana buɗe kafin a yarda a rufe.

Sai dai kash! Ina mabuɗin gaggawar yake? Mutane da dama, saboda ganin muhimmancinsa, sukan ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina tsaro a gidan, wato cikin sef ɗin, tare da rasit da takardar bayani. Ita kuwa takardar, da Turanci take ko da Sinanci, ba ta taɓa zuwa da Hausa ba, balle ajami.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta shigo, domin lamba ma da harshe ake riƙe ta. Mutum ba ya haddace 5, 0, 5. Yakan ce "hamsin, biyar", ɗansa kuma ya ji "hamsin da biyar" ya danna 55. Na taɓa zama a kan wata irin wannan matsala a gidan wani dattijo a yankin, wanda ciwo ya kwantar har ba ya iya magana. Ya yi abin da ya dace, ya rubuta lambar a bangon wani littafi, amma da alƙaluman Larabci da ya saba da su tun makarantar allo. A wannan rubutu, biyar tana kama da sifilin boko, shida tana kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai da za a iya ɗauka tawada ce ta ɗiga. 'Ya'yansa 'yan boko sun kwana biyu suna danna abin da idonsu ya gani, har sai da wani almajiri ya karanta musu.

Idan komai ya ci tura, a nemi mai gyaran makullai wanda zai huda wuri ɗaya da ya sani, ko da za a ɗauko shi daga Katsina. Manyan kamfanoni irin su Yale da SentrySafe sukan taimaka idan aka ba su lambar jikin akwatin da shaidar mallaka, amma akasarin abin da ke kasuwanninmu ba shi da wani kamfani da za a iya kira. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne wutar mai walda. Ƙarfen waɗannan akwatuna ba shi da kauri, zafi yana ratsa shi nan take. Naira 100 zuwa 1,000 takarda ce, ta ƙone. Naira 5 zuwa 50 leda ce, ta narke. Takardar gona kuwa ba ta da madadi a kusa. Ga shi kuma a garin da ake tsoron infoma, ƙarar yankan ƙarfe daga cikin gida shela ce cewa akwai abin yanka.

Wannan tsoro shi ne gundarin matsalar, kuma ba na raina shi. Mai sef a Ruma ko Runka yana da hujjar ɓoye lambarsa ga kowa, har ma ya ɓoye cewa yana da akwatin. Amma a yankin da ake iya ɗauke maigida cikin dare, ko a tare shi a hanyar kasuwa, sirrin da ke kan mutum ɗaya yakan tafi tare da shi, daidai lokacin da iyalinsa suka fi bukatar abin da ke ciki. Haka nan idan rasuwa ta zo, magada su tsaya gaban ƙarfe, masu ajiya da masu bin bashi suna jira a zaure, zato kuma ya fara shiga tsakanin 'yan ɗakuna. Iyayenmu da ke ajiya a adaka ko su binne a tulu ba su rasa mutum ɗaya da suka nuna wa wurin ba. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubutawa da kafa shaida take.

A ganina mafita ita ce a raba sirrin gida biyu. Lambar ta zauna ga mai ita, a rubuce da alƙaluma kuma da kalmomi ɗaya bayan ɗaya, a cikin ambulan da aka liƙe, a hannun uwargida ko babban ɗa. Mabuɗin gaggawa, wanda yawanci biyu yake zuwa, ɗaya ya bar gidan baki ɗaya zuwa wurin amini ko ɗan'uwa a Katsina ko Dutsin-Ma, wanda ko ya riƙe mabuɗi akwatin ya yi masa nisa. A ɗaure akwatin da noti a bango ko a daɓe, domin wanda ba a ɗaure ba sungumarsa ake yi a buɗe a daji. Batir kuwa a sayi mai kyau, a ɗaura canjinsa ga wani lokaci da ba ya wucewa ba a sani ba, kamar jajibirin ƙaramar salla, ko da tsohon bai nuna alamar gajiya ba.