In Sitiyari Ya Fara Rawa, A Duba Taya

Duk wanda ya saba bin hanyar Accra zuwa Kumasi ya san wannan: mota na tafiya lafiya lau, da zarar ta wuce gudun kilomita 80 a awa sai sitiyari ya kama karkarwa a hannun direba. Yawancinmu sai mu ɗora wa titi laifi, alhali sau da yawa matsalar tana jikin taya.

Babu tayar da nauyinta yake daidai ta kowane ɓangare. Wani gefe yakan ɗara wani da 'yan giram kaɗan. A gudun kilomita 100, tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya, don haka rinjayen giram 30 kacal yakan koma fizga mai ƙarfin fiye da kilo 4, tana dukan shokazoba da boris ba hutawa. Idan tayar gaba ce, a sitiyari za a ji. Idan ta baya ce, a kujera.

Maganin shi ne balansin. Ana ɗora tayar tare da rim a kan inji, ya juya ta, ya nuna inda nauyi ya gaza, sai a maƙala 'yar dalma ko ƙarfe a bakin rim. Wannan daban yake da alaimen, wanda ake yi idan mota tana ja gefe guda.

Mu a zango, tsoffin tayoyin Turai muka fi saye, a Abossey Okai ko Suame Magazine. Mai faci ya ɗaura, ya ba da iska, mu kama hanya. A nan ne kuskuren yake. Duk lokacin da aka sauya taya, ko aka cire ta daga rim don faci, ko aka faɗa babban rami, ya kamata a koma kan inji. A kuma duba lambobi huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Kafin mu kwashi iyali zuwa Tamale ko Bawku bikin Sallah, mu ba tayoyi rabin awa. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai mu lafiya.