Wuni Guda na Fatsa a Bakin Teku: Wata, Gishiri da Kifi

Gabatarwa

Masuncin da ya tashi a Balan ko wani ƙauye na ƙasar Gaya da Ajingi ya san kogin Wudil ciki da bai. Ya san cikarsa da damina da janyewarsa da rani, ya kuma san inda karfasa da tarwaɗa suke fakewa. Ruwan wannan kogi bai taɓa isa teku ba, domin ta Haɗeja yake bi ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Da za a ɗauki wannan masunci a kai shi Legas, fiye da kilomita 800 daga gida, a sa shi cikin ƙaramin jirgin masu fatsa don nishaɗi, zai tarar abubuwa biyu ne suke juya wunin, kuma babu su a kogin garinsu: wata da gishiri.

Wata ne agogon masunci

Matuƙin jirgi yakan duba jadawalin cikar teku kafin ya sanya lokacin fita. Teku tana cika ta janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Babban abin da ke haddasa haka shi ne ƙarfin jan da wata yake yi wa ruwan duniya, rana kuma tana taimakawa. Kasancewar wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowace rana, cikar teku ma haka take jinkiri. Idan ta cika da ƙarfe 6 na safiyar yau, gobe sai wajen ƙarfe 7 saura minti 10.

Duk wanda ke lissafin watan Musulunci yana iya hasashen ƙarfinta. A farkon wata da kuma daren 14 zuwa 15, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, sai jan ya haɗu, cikar ta yi yawa. A wajen 7 da 22 ga wata kuwa sai ta ragu. Amfanin wannan ga mai fatsa shi ne, idan ruwan teku ya kwararo cikin tafkin Legas ta mashigin tashar jiragen ruwa, yakan koro jatan lande da ƙananan kifaye, manya kuma su biyo su. Saboda haka lokacin da ruwa ke gudu ake jefa ƙugiya. Idan ya tsaya, kifi ma yakan rage cin koto.

Ganin ƙasan ruwa da sauti

Bayan jirgi ya tashi, kowa ya sa rigar hana nutsewa, sai matuƙi ya kunna na'urar amsa-kuwwa. Na'urar tana aika sauti ƙasa, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 cikin sakan ɗaya a ruwan teku, wato ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Idan amsa ta dawo bayan kashi 2 cikin 100 na sakan, to sautin ya yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, zurfin wurin mita 15 ke nan. Kifaye ma suna bayyana a fuskar na'urar, saboda jakar iskar da ke cikinsu tana mayar da sauti sosai.

Gishiri da jikin kifi

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, alhali ruwan kogi bai kai rabin giram ba. Jinin kifi kuwa a tsakani yake, wajen kashi ɗaya cikin uku na gishirin teku. Kowa ya ga yadda yankakkiyar albasa ke fitar da ruwa idan aka barbaɗa mata gishiri. Dalili shi ne ruwa yana ratsa siririyar fata daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Masana suna kiran wannan usmosis.

Don haka kifin kogi kullum ruwa ke shiga jikinsa, ba ya bukatar sha, sai yawan fitsari. Kifin teku kuwa ruwa ke fita daga jikinsa, tamkar mai tafiya cikin hamada. Dole ya riƙa shan ruwan gishiri, sannan ya fitar da gishirin ta jajayen gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa. Da za a saki tarwaɗar Wudil a tsakiyar teku, ƙishirwa ce za ta kashe ta, ga ta kuwa cikin ruwa.

Tafkin Legas gauraye yake. Da damina kogin Ogun yana cika shi da ruwan daɗi, da rani gishiri ya rinjaya. Kifayen da ke zaune a nan su ne masu iya sauya aikin jikinsu, ciki har da wata karfasa mai baƙin haɓa, 'yar'uwar ta koginmu.

Kifin da aka fito nema

Babban burin masu wannan fatsa shi ne tarfon, farin kifi mai ɓawo kamar azurfa. Mafi girma da aka taɓa kamawa da ƙugiya nauyinsa kilo 130, a Gini Bisau, cikin shekarar 2003. Idan ya haɗiyi koto yakan yi tsalle sama da ruwa, a daɗe ana ja kafin ya gaji. Kamar tarwaɗa, shi ma yana leƙowa ya shaƙi iska, abin da ke ba 'ya'yansa damar girma a ruwa mai laka inda sauran kifaye ba sa iya zama. Da yawa daga masu fatsar sukan auna shi, su zare ƙugiya, su sake shi, domin yana ɗaukar shekaru kafin ya isa yin ƙwai.

Kammalawa

Wannan sakin kifi yana da tushe a kimiyya. Ruwa marar zurfi na bakin teku, tsakanin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, nan ne 'ya'yan kifi suke girma kafin su fita teku. Aikin da fadamun Haɗeja da Nguru suke yi wa kifin koginmu ke nan, shi ya sa raguwar ambaliya bayan gina madatsar Tiga a 1974 ta shafi masunta. Koma mai ƙananan idanu, da gidan sauro, da zuba guba a ruwa, duk suna kashe kifin da bai kai ga haihuwa ba, ko a Legas ko a Balan.

Malami na iya nuna wa ɗalibai usmosis cikin aji. A yanka dankali gida biyu, a sa ɗaya cikin ruwan rijiya, ɗaya cikin lita guda ta ruwa da aka narka wa giram 35 na gishiri. Bayan awa biyu a fito da su a taɓa: na ruwan gishiri zai yi laushi, ɗayan kuwa ya ƙara tauri.